Daim ɗin Azurfa na Amurka: Tsufa Kaɗai Ba Ya Sa Tsaba Tsada

Tun da bidiyoyin nan suka cika TikTok da Facebook, masu cewa wata 'yar ƙaramar tsabar kuɗin Amurka tana iya mayar da mutum attajiri dare ɗaya, jama'a suka shiga zazzage tsofaffin akwatuna. Wanda mahaifinsa ya taɓa zuwa karatu Amurka ya dawo da ragowar canji, da wanda ya tsinci tsaba a aljihun rigar gwanjo, da wanda ya saya a hannun masu sayar da kayan tarihi, kowa sai ya ɗauki hoto ya tura zauren WhatsApp yana tambayar nawa za ta yi. Amsar da ake ba shi kusan iri ɗaya ce kullum: duba shekarar, in ta tsufa ka warke. Daga nan sai lissafi ya tashi, a fara gina gida a zuci, a biya kujerar Makka tun ba a ga mai saye ba.

Wannan magana ta "in ta tsufa ka warke" ita ce tushen asarar da mutane ke yi. Gaskiya ne an sayar da irin wannan tsaba a kan kuɗin da ya kusa dala miliyan biyu. Gaskiya ne kuma akwai biliyoyin 'yan uwanta, wasu ma sun girme ta, waɗanda kuɗinsu bai wuce 'yan daloli ba. Masu bidiyo suna faɗar gaskiya ta farko da ƙarfi, su haɗiye ta biyu, domin ta biyun ba ta kawo 'yan kallo.

Wace tsaba ake magana a kai?

Sunanta daim, kuma darajarta a kasuwa santi goma ce, wato kashi ɗaya cikin goma na dalar Amurka. Ita ce mafi ƙanƙanta a cikin tsabar da Amurkawa ke kashewa, faɗinta milimita 17.9 kacal, gefenta kuma yana da ƙananan tsage 118. An fara buga ta domin jama'a a shekarar 1796, kuma daga lokacin zuwa yau ta sauya fuska sau da dama. Uku daga cikin fuskokin nan su ne aka fi cin karo da su.

Ta farko ita ce wadda ake kira Barber, da sunan Charles Barber wanda ya zana ta, an buga ta daga 1892 zuwa 1916. Ta biyu ita ce wadda masu sha'awa suka fi so, zanen Adolph Weinman, daga 1916 zuwa 1945. A fuskarta akwai kan wata mace sanye da hula mai fukafukai, alamar 'yancin tunani. Mutanen lokacin suka ɗauka Mercury ne, gunkin Rumawa mai fukafukai, sunan kuwa ya bi ta har yau. Babu ko ɗigon sinadarin makuri a jikinta, don haka ba ta da haɗi da tatsuniyar jan makuri da ta sa a 2009 mutane a Saudiyya suka riƙa wawason tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a kan kuɗi masu yawa. Ta uku ita ce mai hoton Shugaba Franklin Roosevelt, wadda aka fara fitarwa a 1946, shekara guda bayan rasuwarsa. An zaɓi daim domin tunawa da shi ne saboda gidauniyar yaƙi da shan inna da ya kafa, wadda ta riƙa roƙon jama'a su aika da daim ɗai-ɗai.

Dukkan ukun, har zuwa masu ɗauke da shekarar 1964, nauyinsu giram 2.5 ne, kashi 90 cikin ɗari azurfa, kashi 10 jan ƙarfe. A farkon shekarun 1960 buƙatar azurfa ta ƙaru a masana'antu, farashinta ya riƙa hawa har aka ga alamar ƙarfen da ke jikin tsaba zai zarce abin da aka rubuta a kanta. Jama'a suka fara ɓoyewa, canji ya yi ƙaranci a shaguna. A watan Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta cire azurfa daga daim gaba ɗaya. Daga nan aka koma yin sa da jan ƙarfe a tsakiya, a lulluɓe da gaurayen jan ƙarfe da nikel. Saboda haka daim ɗin kashewa na 1965 zuwa yau, komai ƙyallinsa, ba shi da azurfa.

Farashi biyu a jikin tsaba ɗaya

Abin da ya fi wuyar shiga kan mutane shi ne cewa tsohuwar tsaba tana da farashi iri biyu, kuma masu saye iri biyu ne. Duk wanda ya taɓa shiga kara gab da Babbar Sallah ya san wannan ba tare da an koya masa ba. Mahauci in ya dafa bayan rago, nama yake aunawa. Bai damu da ƙaho ba, bai damu da launin gashi ba, kilo nawa zai fitar shi ne zancensa. Amma mai neman ragon layya na kece raini, ko mai kiwo da ke neman iri, wani abu dabam yake dubawa: Balami ne ko Uda ko ɗan ƙasa, ƙahonsa lafiya, idonsa lafiya, kunnensa ba a yanke ba, kuma irinsa nawa ne a cikin karar yau. Rago biyu masu nauyi ɗaya, sai ka ga ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi sau da yawa. Kuma ba a taɓa jin dillali ya ƙara wa rago kuɗi don ya tsufa ba. In ƙaho ya karye ko ido ya mutu, naman yana nan yadda yake, amma mai neman na kece raini ya wuce, saura mahauci.

Haka tsabar take. Maƙerin azurfa da dillalin ƙarfe su ne mahauta, azurfar jikinta suke saye. Mai tara tsofaffin kuɗi kuwa ƙaranci da lafiyar jiki yake biya wa kuɗi. Mafi yawan daim ɗin azurfa da ke duniya na mahauta ne.

Lissafin farashi na farko ba shi da wuya. A cikin giram 2.5 ɗin nan, tsantsar azurfa giram 2.25 ce. Ozar da ake auna azurfa da ita a kasuwar duniya giram 31.1 ce, wato sai an tara daim kusan goma sha huɗu kafin a sami oza guda. Idan oza tana dala 30, azurfar daim ɗaya dala 2 da santi 17 ce. Idan ta kai dala 50, ta zama dala 3 da santi 62. Wanda ya sha hannu ya suɗe ma yana ɗan raguwa daga haka, dillali kuma zai cire ribarsa. Kowa na iya duba farashin oza na ranar a wayarsa, ya ninka da 0.072, ya ga abin da yake riƙe da shi.

Wannan farashi yana hawa yana sauka. A watan Janairun 1980, lokacin da 'yan uwan nan na gidan Hunt a jihar Texas suka yi ƙoƙarin mamaye kasuwar azurfa, oza ta kai kusan dala 50, mutane suka yi dogon layi suna kai tsabarsu a narke. Kafin ƙarshen Maris na shekarar ta faɗo ƙasa da dala 11. Wanda ya saya a sama da tunanin ba za ta sauko ba, shekaru ya yi yana jiran uwar kuɗinsa.

Me ya sa tsufa bai isa ba?

Amsar tana cikin alƙaluman ma'aikatar buga kuɗin Amurka, waɗanda ba a ɓoye suke ba. A tsawon shekarun Mercury an buga sama da guda biliyan biyu da rabi. A 1944 kaɗai reshen Filadelfiya ya fitar da sama da miliyan 231. Masu ɗauke da shekarar 1964 sun haura biliyan biyu, domin an ci gaba da buga su da wannan shekarar har bayan ta wuce, don a karya gwiwar masu ɓoyewa. Tsabar da aka yi ta miliyoyi, aka kuma adana ta buhu-buhu, ko ta shekara ɗari ba za ta yi ƙaranci ba. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan kasuwa ba shekaru ake saye ba.

Ga misalin da ya fi fito da abin fili. A 1916, shekarar farko ta Mercury, rassa uku ne suka buga shi. Filadelfiya ta buga sama da miliyan 22. San Faransisko ta buga sama da miliyan 10. Denba kuwa guda 264,000 kawai ta yi, sannan aka umarce ta ta koma buga wata tsabar da ake kira kwata saboda buƙatar da ta taso. Shekara ɗaya, zane ɗaya, azurfa ɗaya. Na Filadelfiya da ya suɗe 'yan daloli ne. Na Denba, ko da ya suɗe har da ƙyar ake karanta shekarar, ɗaruruwan daloli ake sayensa, wanda bai taɓa shiga hannu ba kuwa dubun-dubatan daloli. Abin da ya raba su ɗan harafin D ne wanda bai kai ƙwayar gero ba, a bayan tsabar, can ƙasa ta hagu.

Waɗannan haruffa su ne shaidar inda aka buga kowace tsaba. D na Denba ne, S na San Faransisko, O na New Orleans, CC na Carson City. Filadelfiya a wancan zamani ba ta sa harafi. Akwai tarko a nan da ke kama sababbin shiga: a fuskar Mercury, kusa da wuyan matar, akwai A da W a sarƙe. Sa hannun Weinman ne, yana kan kowane guda, ba ya ƙara ko kwabo. Irin wannan ruɗani ya taɓa kama Amurkawa su kansu. Da aka fitar da daim ɗin Roosevelt, mai zanen John Sinnock ya sa haruffan sunansa, JS, sai jita-jita ta bazu cewa 'yan gurguzu ne suka cusa sunan Joseph Stalin.

Bayan na Denba na 1916, waɗanda ake nema a jerin Mercury kaɗan ne: na 1921 daga Filadelfiya da Denba, waɗanda kowanne bai kai miliyan ɗaya da rabi ba, da na 1942 wanda aka yi kuskure lambar 2 ta hau kan 1, har ana iya ganin su biyun in aka sa gilashin ƙara girma. A jerin Barber kuwa akwai sarkinsu duka, na San Faransisko na 1894. Guda 24 kacal aka buga, tara aka san inda suke a yau. Ɗaya daga cikinsu ne aka sayar a gwanjo a watan Janairun 2016 a kan dala 1,997,500. Hotonsa ne masu bidiyo suka fi ɗorawa. Ba sa faɗin cewa kowane ɗaya daga cikin taran nan an san tarihin hannayen da ya bi, masana kuma sun haddace tabon da ke jikin kowanne.

Labarin 1975 da yadda ake murɗe shi

Labarin da ya fi ruɗa mutane a 'yan shekarun nan shi ne na daim ɗin 1975 marar harafi, wanda aka sayar a watan Oktoban 2024 a kan dala 506,250. Labarin gaskiya ne. Sai mai bidiyo ya ce maka: duba aljihunka, in ka ga 1975 babu harafi, ka yi arziki. A nan ƙaryar ta shigo.

Kowace shekara reshen San Faransisko yana buga wasu tsabobi na musamman domin masu tarawa kaɗai. Ana goge hatimin har ya yi santsi, a buga fiye da sau ɗaya, tsabar ta fito tana ɗaukar ido kamar madubi, a rufe ta a cikin roba a sayar da ita jeri guda. A 1975 an yi irin wannan jeri sama da miliyan 2.8, kuma kowace tsaba a ciki ya kamata ta ɗauki harafin S. Guda biyu kacal aka taɓa samu da suka fito babu shi. Wanda aka sayar a 2024 wasu 'yan uwa mata uku ne a jihar Ohio suka gada, bayan danginsu sun saye shi a 1978 a kan dala 18,200, suka ajiye shi a ma'ajiyar banki sama da shekara arba'in. Ba a canji suka tsince shi ba. Sun san abin da suka saya, sun biya kuɗinsa.

A wannan shekarar ta 1975 Filadelfiya ta buga daim na kashewa sama da miliyan 585, kuma dukkansu ba su da harafi, domin haka tsarin yake. Kowanne santi goma ne. In ka ga 1975 marar harafi a aljihun gwanjo, ɗaya daga cikin waɗannan miliyoyin ne. Wani abin lura kuma, shi kansa mai tsadar babu azurfa a jikinsa, kuma bai cika shekara hamsin ba lokacin da aka sayar da shi. Ƙarancinsa kaɗai aka biya wa rabin miliyan.

Lafiyar jiki, da ɓarnar masu wankewa

Ko da tsaba tana cikin waɗanda ake nema, sai an duba yadda ta tsira. Masu wannan harka suna amfani da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Ta 1 ita ce wadda ta suɗe har da ƙyar ake gane ta. Daga 60 zuwa sama su ne waɗanda ba su taɓa yawo a hannun jama'a ba. A matakan sama, maki ɗaya yana iya ninka farashi.

Juya Mercury ka dubi bayansa. Za ka ga damin sanduna an ɗaure da igiyoyi, da kan gatari a sama, da reshen zaitun a kewaye. A tsakiyar damin akwai igiyoyi biyu a kwance, ɗaya a kan ɗaya. A mafi yawan tsabar sun haɗe sun zama guda, ko don suɗewa ko don hatimin bai danna sosai ba tun a ma'aikata. Idan layin da ya raba su ya fito sarai daga wannan gefe zuwa wancan ba yankewa, farashi ya canza. Na Filadelfiya na 1945 an buga shi sama da miliyan 159, yana ko'ina, amma wanda igiyoyinsa suka rabu sarai yana da wuyar samu ƙwarai, dubban daloli ake sayensa.

A nan ne mutanenmu suke yi wa kansu ɓarnar da ba ta gyaruwa. Mun saba in zoben azurfa ya yi baƙi a sa masa toka ko lemon tsami ko man goge haƙori a dirje shi ya yi fari. Ga zobe wannan gyara ne. Ga tsabar da ake son sayar wa mai tarawa, karya ƙaho ne. Lokacin da hatimi ya danna ƙarfe, yana barin wasu siraran layuka a fuskar tsaba waɗanda ido ba ya gani ɗai-ɗai, su ne ke sa haske ya riƙa zagayawa in ka karkata ta. Dirza sau ɗaya ta share su, ta bar ƙananan ƙarce da gwani zai gani cikin daƙiƙa. Duhun da shekaru suka sa wa azurfa, masu saye ba sa ƙyamarsa, wani lokaci ma ƙarin kuɗi yake jawowa. Wadda aka wanke, ko aka huda aka rataya, ko aka liƙa a kan zobe, kamfanonin tantancewa ba sa ba ta maki, sai dai su rubuta cewa ta gaske ce amma an taɓa ta, farashinta kuma ya faɗi warwas. Saboda haka a riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarta, a sa ta a takarda mai tsabta a wuri busasshe, a bar ta da dattinta.

Gwajin da kowa zai iya, da wanda ya fi ƙarfin kowa

Sanin ko daim na azurfa ne ba ya buƙatar gwani. Dubi shekara: 1964 ko ƙasa da haka. Sannan dubi gefensa. Na azurfa fari ne gaba ɗaya, na bayan 1964 kuwa za ka ga jan layi a tsakiya, jan ƙarfen ciki ne ya leƙo. Sannan kai shi wurin mai sayar da gwal ya ɗora a ƙaramin sikelinsa: na azurfa giram 2.5, na zamani giram 2.27. Maganaɗisu yana tona asirin jabun da aka yi da baƙin ƙarfe, amma ba ya raba na azurfa da na zamani, domin dukkansu ba ya kama su.

Sanin ko mai tsada na gaske ne, wannan kuma wani aiki ne dabam. Daim ɗin Denba na 1916 yana cikin tsabobin Amurka da aka fi yi wa jabu. Dabarar tsohuwa ce: a sami na Filadelfiya mai araha, a yanko D daga wata tsaba a liƙa masa. Azurfar ta gaske ce, nauyin daidai, shekarar daidai, harafin ne kaɗai na aro. Yanzu kuma ga waɗanda ake bugawa sababbi fil a tsufar da su da gangan, ana tallarsu a intanet. Shi ya sa babu mai hankalin da zai biya kuɗi mai nauyi sai tsabar ta bi ta hannun kamfanin tantancewa. Biyu aka fi yarda da su, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987. Su ne ke dubawa, su ba da maki, su rufe tsabar a roba mai lambar da ake iya bincikawa a shafinsu. Aikin ba kyauta ba ne. Kuɗin dubawa da na aikawa da inshora sun ninka darajar daim na gama-gari sau da yawa, don haka ba a kai tsaba can sai an tabbatar shekararta da harafinta suna cikin waɗanda ake nema.

'Yan damfara sun san duk wannan, kuma ta hanya biyu suke zuwa. Ko dai su sayar maka da tsabar banza a kan cewa wani Bature yana nan tafe zai saya ninki goma, ko kuma su zo a matsayin masu saye, su yaba tsabarka, su yi mata farashin da zai hana ka barci, sannan su ce ka turo kuɗin takardar shaida ko na kwastan. Da ka tura, layi ya mutu. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa kafin ciniki. Gidan gwanjo na gaskiya la'adarsa yake cira bayan an sayar. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma da shi kaɗai suke buɗe aljihun mutane.

Darasin da ke cikin liyarinmu

Ya kamata a ce mu ne na ƙarshe da za a ruɗa da shekarar da ke jikin tsaba, domin kakanninmu sun daɗe da sanin liyari, babbar azurfar nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya. Fatake sun shigo da shi ta hamada, an yi ciniki da shi a Kano da Borno, maƙeran fari sun narka shi sun yi mundaye da zobba. Kusan duk liyarin da za ka gani 1780 ne a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu. Dalili shi ne 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka wannan fuskar suka yarda da ita, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana, daga baya har a Landan da Roma da Faris da Bombay. An buga ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu ana bugawa. Wanda ya ga 1780 ya ɗauka ya riƙe abin da ya haura shekara ɗari biyu, mai yiwuwa abin da ke hannunsa bai girmi mahaifinsa ba. Darajarsa tana cikin azurfarsa, giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari tsantsa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muka san farashin tsabar wasu a bidiyo alhali tamu tana ɓacewa ba mai ko waiwaye. Amurkawa sun iya faɗin adadin daim ɗin da aka buga a Denba a 1916 ne saboda an rubuta, an adana, an wallafa, yaro ma zai iya dubawa. Mu kuwa matashin yau da wuya ya bambance anini da kwabo mai huji, ko taro da sisi, ko ya faɗi yadda sulen da aka kashe kafin zuwan Naira a 1973 yake. Babban Bankin Nijeriya yana da gidan adana tarihin kuɗi a Abuja, amma 'yan makaranta nawa ne daga Gusau ko Azare suka san da shi? Hukumomin da ke da alhakin wayar da kai sukan yi shiru har jita-jita ta ci kuɗin mutane, sannan a fito da sanarwar gargaɗi da Turanci. Shiri na minti goma a rediyo da Hausa, a kawo maƙerin azurfa da masanin tarihi su yi bayani, zai tsare dukiyar mutane da yawa. Mu ma jama'a da namu laifin, domin tura bidiyo ya fi mana sauƙi a kan duba shekara da harafi a jadawalin da yake kyauta a intanet.

Tara tsofaffin kuɗi sha'awa ce mai kyau, tana koyar da tarihi da haƙuri da lura. Daim ɗin azurfa na 1943 ya ratsa zamanin Yaƙin Duniya na Biyu a aljihun mutane, kuma ko kuɗinsa bai wuce 'yan daloli ba, ya cancanci a adana shi a nuna wa yara. Wanda Allah ya sa yana da irinsa, ya duba shekara, ya duba harafi, ya duba gefe, ya auna nauyi, sannan ya nemi adadin da aka buga. Kada ya wanke, kada ya huda, kada ya tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami. Wanda kuma aka kawo wa tallar tsaba da alkawarin miliyoyi, ya biya kuɗin azurfar da sikeli ya nuna kawai, in mai tallar ya ƙi, ya bar masa kayansa.